Sunan Ɗan Fari a Gaban Alƙali

Tun da na buɗe ido ban taɓa jin Inna ta kira sunan Yaya ba. Ɗanta ne na fari, ita kuwa 'yar ƙauye ce daga can ƙasar Katsina, irin mutanen da suka ɗauko kunya tun daga gida, suka tako da ita a ƙafa har Jidda ba su zubar da ko ɗigo a hanya ba. In tana son a kira shi sai ta ce, "Ke, kira min wancan." In baƙuwa ta tambaya wane ne, sai ta ce, "Ɗan Iya ne." Iya yayarta ce, ba ta taɓa haihuwa ba, ita aka danƙa wa Yaya tun daga yaye. Inna ba ta haɗa ido da shi, ba ta zama tabarma ɗaya da shi. Amma ni na san inda tsokar da ta fi kowacce a miyarmu take tafiya, don ni ake aika da kwanon, a ce in ce maƙwabta ne suka ba da.

A Sudan aka haife shi, lokacin da suka tsaya cirar auduga don su samu na jirgin ruwa. A can ubansa ya rasu. Ranar da suka sauka Jidda yana goye a bayan Iya, magatakardan da ke bakin ruwa ya dube su ya rubuta shi ɗan Iya. Inna ba ta gyara ba. Daɗi ma ta ji, an ɗauke mata nauyin buɗe baki. Daga baya ta auri babana a nan unguwar Nuzla aka haife ni, shi ma bai daɗe ba ya rasu, Iya ta bi shi. Ka ga ke nan ni da Yaya uwa kaɗai muka haɗa, kuma babu takarda ɗaya a duniya da ta san haka.

A zamanin ba a ja famfo cikin lungunanmu ba. Ruwa sai an je bazan, wato famfon unguwa, inda ake layi tun safe. Yaya ga-ruwa ne, yana ɗaukar garwa biyu a sanda yana kai wa gidaje. Kafaɗarsa ta yi kanta har ba ya jin cizon sauro a wurin. Yana da iƙama, wato takardar izinin zama, ingantacciya, ya sha wuya kafin ya same ta. Saboda tsananin tattalinta ne ba ya yawo da ita, kada ruwa ya jiƙa ta. Yakan naɗe ta a tsumma ya soke a rufin ɗakinsa.

Ban ga abin da ya faru ba, ba kuwa zan ce na gani ba. Matan da ke layi ne suka faɗa min, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Bayan aikin hajji ne, lokacin kamen waɗanda suka ƙi komawa gida. Da hantsi motar askarawa ta tsaya a bakin bazan, marasa takarda suka watse. Yaya bai gudu ba, me zai gudar masa? Wani askar matashi ya daka masa tsawa ya kawo takarda. Ya sauke garewaninsa a hankali don kada ruwan mutane ya zube, ya zare sandar, ya juya ya nuna lungunmu da ita yana cewa takardar tana gida, ga shi can kusa. Harbi biyu aka yi. Ɗaya ya same shi a haƙarƙari. Ɗayan ya samu jakin wani attajiri da ke tsaye da kurar ruwa.

Shekaruna goma sha tara a lokacin, ina da cikin fari wata biyar. Da na isa an riga an jefa shi a mota. Garewanin suna nan tsaye a cike, ko ɗigo bai zube ba.

Kwana biyu kafin su ba da gawar. Inna ba ta yi kuka ba. Ana zaman makoki tana tsintar shinkafar sadaka, in an yi mata gaisuwa sai ta ce, "Ayya, Allah ya ji ƙan Iya, ba ta ga wannan rana ba." Tsofaffin unguwa kuwa sai yaba mata suke. "Kai, wannan baiwar Allah ta cika mai kara. Ko ƙwalla." Ina jin su ina cizon leɓe. Da da hali da na watsa musu ruwan shinkafar.

Mu dai mun san yadda irin wannan ke ƙarewa. Askar ya ce baƙin Takari, kamar yadda suke kiranmu, ya ɗaga masa sanda, halas, wato shi ke nan, an rufe magana. Waɗanda suka gani kuwa rabinsu ba su da takarda, wa zai kai kansa gaban hukuma ya ce ga ni? Ba Yaya ne na farko ba, kuma ba mu taɓa jin an tsayar da mai kaki saboda ɗayanmu ba.

Jakin nan shi ya buɗe mana ƙofa. Mai shi ɗan ƙasa ne, mai baki, kuma yana tsaye a ƙofar shagonsa da babban ɗansa lokacin da abin ya faru. Ya kai ƙara a biya shi dabbarsa. Don ya nuna harbin na ganganci ne sai ya rantse, shi da ɗansa, cewa mai ruwan bai ɗaga wa kowa sanda ba, hanya yake nunawa. Ba don Allah ya yi ba, ba kuma don Yaya da ya shekara bakwai yana cika masa randa ba. Amma alƙalin, wani dattijo, da ya ji haka sai ya ajiye alƙalami ya ce, ashe har da mutum aka kashe? Ina masu jininsa?

Umda, wato mai unguwarmu, shi ya kawo saƙon. Ya zauna a ƙofar gida ya warware mana zare da abawa. In magajin mamaci ya tsaya ya ce yana neman jini, to ga shaidu biyu 'yan ƙasa, sai dai ko ƙisasi ko diyya, zaɓi na magaji ne. In babu magaji, magana ta koma hannun manyan askar ɗin, su yi masa abin da suka ga dama. Ya ce, "Takarda ta ce ɗan marigayiya ne. Amma in Hajiya ta faɗa da bakinta a gaban alƙali cewa ita ta haife shi, za a nemi tsofaffin da suka zo tare su tabbatar. Bakinta kawai ake jira."

Da ya tafi na zauna gaban Inna. Na ce, "Inna, kalma biyu ce. Ɗana ne. Shi ke nan."

Ta ce, "To."

"Ki faɗa in ji."

"Ke, ba na son rashin ta-ido. Na ce to."

Na ƙyale ta. Ba a fafe gora ranar tafiya, na san da haka, amma na ɗauka jini ya fi ƙarfin kunya. Sannan na tafka wautar da har gobe nake cizon yatsa a kanta. Mace ba ta tsayawa gaban alƙali a lulluɓe sai da namijin da zai ce ya san ta. Da na nemi wani tsoho daga masallaci. Sai na ɗauki mijina, don yana da takarda mai kyau kuma yana da farar riga. Ni haifaffiyar Jidda, kaina bai kawo min cewa na ɗauko mata suruki na kafa a bayanta ba. Matar da in ta ji takun mijina a zaure take barin tuwonta ta shige ɗaki.

Ɗakin shari'ar bai kai yadda na zata ba. Darduma ce, da fanka tana juyawa a sama, da magatakarda a gefe da babban littafi. Askar ɗin yana zaune a kan benci ba ankwa ba komai, an yi masa aski sabo. Fari ne siriri, ba zai girmi Yaya ba. Ni ce tafinta, don Larabcin Inna bai wuce na cinikin gyaɗa ba.

Aka fara da jaki. Mai shi ya yi bayani da kumfar baki, ya faɗi shekarunsa da launinsa, har da sunan da yake kiransa. Aka yanke a biya shi. Sannan alƙali ya juyo gare mu, ya tambayi mijina ko ya san matan nan. Mijina ya matso har gefen Inna ya ce ya san su, wannan surukarsa ce. Na ga kafaɗarta ta shige cikin mayafi.

Alƙali ya ce, "Tambaye ta, mene ne tsakaninta da mamacin?"

Na tambaye ta. Ta sunkuyar da kai. Na taɓa ta da gwiwar hannu. Can ƙasa-ƙasa ta ce, "Ɗan Iya ne. Ɗan yayata."

Ban ko ƙifta ido ba na ce da Larabci, "Ta ce ɗanta ne, ita ta haife shi."

Magatakarda ya duƙa zai rubuta. Sai askar ɗin ya ɗaga hannu, cikin ladabi, ya ce, "Allah ya daɗe da ran shehi, ba haka ta ce ba. Ta ce ɗan yayarta ne. Ina jin yarensu."

Ashe Bahaushiya ce ta yi renonsa. Daga baya na ji har gidan da ta yi aiki, tsohuwar ma na san ta, tana sayar da ƙuli a bakin masallacinmu. A bayanta ya girma, tuwonmu ya ci, da bakinmu ya fara magana. Da ɗan gari akan ci gari.

Alƙali ya zuba min ido. Ya ce in na ƙara ko harafi ɗaya a kan maganarta zai sa a fitar da ni. Amma bai rufe magana ba, Allah ya sani ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce a sake tambayarta, a gaya mata kada ta ji tsoron kowa.

Na ce, "Inna, don girman Allah. Don darajar Annabi. Jininsa ne a hannunki."

Tana numfashi kamar wadda ta hau tudu da kaya. Leɓenta yana motsi a ƙarƙashin mayafi, ina gani. Wallahi na yi imani da an bar ta minti ɗaya da ta faɗa.

Askar bai bar ta ba. Ya ce wa alƙali, abin ai mai sauƙi ne, uwa ba ta mance sunan ɗanta, a ce ta faɗi sunansa. Sannan ya juyo, ya ɗan rusuna kamar yaron kirki, ya ce da Hausa tsantsa, irin ta tsofaffinmu, "Inna, faɗi sunansa mana. Ga surukinki nan ma yana ji."

Ya san abin da yake yi. Ya san ɗan fari ne, ya san mece ce kunyar suruki, a gidan renonsa ya koya. Bai ɗaga murya ba, har da ɗan murmushi. Na ga mugunta iri-iri a rayuwata, ban ga wadda ta kai wannan tsabta ba.

Inna ta dubi ƙafar mijina a kan darduma. Ta ja mayafi ta ƙara rufe fuska. Ta ce, "Allah ya ji ƙan mai ruwa."

Alƙali ya jira. Ya sake tambaya, karo na uku. Ba ta ƙara cewa komai ba. Ya duba tsohuwar takardar bakin ruwa, ya ce takarda ta ce ɗan marigayiya ne, matar da ke gabansa ma ta ce ɗan marigayiya ne, to shi me zai ce? Na ce ni fa, ni ƙanwarsa ce. Ya ce ta wace hanya? Na ce ta uwa. Ya nuna Inna da alƙalami. Mijina ya yi ƙoƙarin magana, aka ce masa shi an haife shi lokacin? Aka rubuta cewa babu magajin da ya bayyana, an mayar da lamarin askar ga shugabanninsa. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

Mai jaki ya fita yana gyara rawani. Askar ya wuce ta gabanmu ya ce, "Sannu, Inna."

A gida tsofaffi suna jira. Da suka ji yadda aka yi, wata ta ce, "Ai ɗiyar mutunci ko a gaban sarki ba ta zubar da kunyarta." A nan na fashe. Na kore su da tsintsiya, tsofaffin da suka yi jika da ni, ban kuwa yi nadama ba har yau. Sannan na juya kan Inna. Na ce mata jaki ya fi Yaya gata, don shi mai shi ya san sunansa. Na ce askar sau ɗaya ya kashe shi, ita ta ƙarasa. Na ce in na haihu, a kan titi zan riƙa kiran sunan ɗana har maƙogwarona ya tsage. Tana zaune a bakin murhu ba wuta, tana jujjuya muciya a hannu. Na kwashe kayana na koma ɗakin mijina, kwana tara ban leƙa ta ba.

A rana ta goma da sassafe sai ga ta a ƙofata, ta ci ado da zanen da take zuwa Idi. Ta ce, "Tashi ki raka ni. Kar ki zo da mai gidanki."

A ƙafa muka tafi, ba ta yarda mun hau mota ba. A hanya ina jin tana ta motsa baki, tana maimaita wani abu. Mai gadi ya ce alƙali ba ya ganin kowa sai da sammaci, ya tura mu tagar magatakarda. Muka yi layi a rana har kusan azahar, ni da ciki, ita da tsufa.

Da muka iso tagar, Inna ta yi abin da ban taɓa gani ba. Ta yaye mayafi daga fuskarta a gaban namiji baƙo. Ta dafa ƙarfen tagar da hannu biyu. Ta ce, "Ɗana ne. Ni na haife shi, ranar wata Laraba, a bukkar kara a gonar auduga. Kwana biyu ina naƙuda. Na shayar da shi shekara biyu da wata ɗaya. Yana da tabo a bayan kunnen hagu, ni na ƙone shi da rushi ban sani ba." Sannan ta faɗi sunan. Sau ɗaya, a hankali, kamar mai sauke tulu. Shekara ashirin da bakwai yana bakinta. Ban san haka take furta shi ba, da ɗan jan wasalin ƙarshe, irin na mutanen ƙauyensu.

Na fassara duka, wannan karon ban ƙara ba ban rage ba. Magatakardan yana cin 'ya'yan kankana yana tofar da ɓawon a hannu. Ya gane mu. Ya ce hajiya ta riga ta yi furuci a gaban shehi, an rubuta, an sa hatimi, ba a dawowa bayan kwana goma a ce an tuna an haifi mutum. Ya ce in muka matsa ma, za a tambayi yadda aka yi takardar shigowarsu ta zo da ƙarya, kuma ba ya jin muna son haka. Bai taɓa alƙalami ba. Ladan ya kira salla, ya ce, "Yalla, halas," ya ja tagar ya rufe.

Inna ta mayar da mayafinta. Ta juyo ta kalle ni, ido cikin ido, abin da ba ta cika yi ba.

"Me ya ce? Ya rubuta?"

Na dubi tagar. Babu askar mai jin Hausa a wurin, babu kowa sai ni.

Na ce, "Ya rubuta, Inna. Ya ce za su aiko."

Ta ce, "Alhamdu lillahi." A hanyar komawa har ta saya min rake.

Na ce zan gaya mata gaskiya in ta huce, sai na ce bari in haihu tukuna, sai na ce bari a yi suna. Namiji na haifa, mijina ya sa masa sunan Yaya. Na cika alkawari, ina kiransa da sunansa gatsal a tsakar gida da kan titi, unguwa ta yi ta gulma har ta gaji. Inna ba ta taɓa hana ni ba. Ita dai "mai gida" take ce masa. Sunan nan ba ta sake furta shi ba.

Askar ɗin wata uku aka ɗauke shi daga unguwarmu, aka ce an kai shi wani gari. Kafin azumi ya dawo, har da ƙarin igiya a hannun riga. Yakan tsaya a bakin bazan ɗin nan dai, mata suna layi a gabansa. Ran nan muna dawowa daga kasuwa Inna ta hango shi. Ta tsaya cak.

"Har yanzu ba su kama shi ba?"

"Bincike suke, Inna. Aikin hukuma ba ya sauri."

"Haka ne," in ji ta. "Ai tunda an rubuta."

Shekara goma sha ɗaya ta yi bayan wannan. Zanen Idin nan ta ninke shi ta ajiye a saman akwati, ba a cikinsa ba, don kada a zo a same ta ba shiri. Duk ranar da motar askarawa ta shigo lungu, kowa yana neman maɓoya, ita sai ta ɗauko mayafi ta fito ƙofar gida ta tsaya. Su wuce ta, ko su daka mata tsawa ta koma ciki. Ta koma ta ninke.

A ciwonta na ƙarshe ta daina gane mutane, amma ni tana gane ni. Ranar da za ta cika, da la'asar, ina ba ta ruwa a cokali, ta riƙe hannuna.

"Ba su aiko ba?"

"Tukuna, Inna."

"In sun aiko ba na nan, ki je. Ki ce musu na faɗa."

Na ce mata to.